Farin Ƙyallen da Na Ƙi Naɗa wa Yaron Madam

Ko zan manta komai na zamana a Dubai, ranar da Madam ta yaga farin alawayyo a gabana ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma har gobe in na ji an yaga sabon yadi sai na nemi wuri na zauna.

Ban daɗe da gama sakandare a Kaduna ba aka sama mini aikin raino a can. Madam Baturiya ce, mijinta yana aiki a wani kamfani a unguwar Al Quoz, ɗansu ɗaya, ɗan shekara huɗu. Ni ke yi masa wanka, ni ke ba shi abinci, a cinyata yake barcin rana. Fasfona yana cikin durowarta, bizata ma da sunanta aka yi. Duk ranar da ta ga dama, sai gida.

Ƙarshen watan Oktoba suna da wani biki, Halowin. Yara su yi shigar dodanni da fatalwa, su bi ƙofa ƙofa ana ba su alewa. Da aka yi mini bayani dariya na yi, na ce ashe su ma suna tashe. Madam ta san na iya ɗinki, sai ta ce bana ba za ta sayi na kanti ba, ni zan haɗa wa yaron nasa. Wallahi murna na yi.

Ta dawo daga kasuwar 'yan China da leda, ta nuna mini hoto a waya: yaro an naɗe shi da farin ƙyalle tun daga kai har ƙafa, idanu kawai a waje, wai irin gawar mutanen Masar na da. Kafin in ce wani abu ta kama bakin yadin da hannu biyu ta yaga.

Na san wannan ƙarar. Ina aji uku ƙyanda ta ɗauke autanmu, shi ma shekararsa huɗu. Ina laɓe a bayan ƙofa kawunmu ya yaga alawayyo haka da hannu, don a gidanmu ba a sa wa likkafani almakashi. A kan idona aka ɗaure kai, aka ɗaure ƙafa.

Madam ta ce wa yaron, "Kwanta, habibi, a auna ka." Ya miƙe samɓal a kan kafet, ya haɗa ƙafafu, ya rufe ido yana danne dariya, wai ya mutu. Ta miƙo mini ƙyallen.

Na ce, "Ba zan yi ba."

"Me kika ce?"

"Madam, da wannan muke rufe matattunmu. Ba zan naɗa wa yaro mai rai ba."

"Wasa ne fa. Kuma ɗana ne, ba naki ba."

"Ɗanki ne. Amma hannun nawa ne."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ta kalle ni ta ce in yi tunani kafin gobe. In ban yi ba, za ta mayar da ni ofishin da ya kawo ni, a soke bizar.

Da yamma na sauka da yaron wurin lilo, na tarar da ƙawata, wata 'yar Zangon Kumasi da ke aiki a benen kusa da mu. Ta saurare ni ta ce, "Ke 'yar'uwa, ƙyalle ne fa, khalas, shi ke nan. Ni ƙahon shaiɗan aka sa ni in yi wa yarinyar da nake raino, na yi istigfari na ɗinka. Ki koma Kaduna ki ce wa mamanki me? Yadi ya koro ki?"

Gaskiya ta faɗa, na kuma ji tsoro ƙwarai. Amma da na koma gida na ɗauki ƙyallen in gwada, hannuna ya ƙi.

Washegari na haɗa wa yaron shiga irin tamu ta tashe. Gemun auduga, matashin kai a ciki ya zama tumbi, tsohuwar jallabiyar babansa da na rage, sandar mofa a hannu. Ya kalli madubi ya tuntsire da dariya, ya duƙa yana tafiyar tsofaffi yana tari. Madam ta shigo, na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi. Sai ta haɗe rai ta ce, "Ba wannan na ce ba."

Ta cire masa gemun, ta zauna a ƙasa ta naɗe shi da kanta. Ni na shige kicin na juya baya, ina jin ƙarar yadin ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Ya je yawonsa ya dawo lafiya, ƙyallen na ja a ƙasa, har ya zaɓa mini alewa mai ruwan ɗorawa. Babu abin da ya same shi, kuma dama ban ce wani abu zai same shi ba.

Sati bai cika ba Madam ta mayar da ni ofishin. Yaron yana makaranta, ba mu yi sallama ba. Gemun audugar na tura masa ƙarƙashin matashinsa kafin in fito.

Da na koma Kaduna na ba mahaifiyata labari, ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yabe ni ba. Sunan autanmu kawai ta ambata sau ɗaya.

Har yau wasu na cewa wauta na yi, na zubar da aiki saboda yadi. Su faɗa. Na wanke banɗakin matar nan ban taɓa ɓata rai ba, amma ba duk abin da aka miƙo mini ne zan karɓa don ana biyana ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba sai tsoro ya sake ka ba kake iya cewa a'a. Cikin tsoro na faɗa, kuma ko yau aka sake miƙo mini ƙyallen nan, haka zan faɗa.