Ƙofar da Yaya Ta Ɓalle

Shekara ashirin da biyu yayata ta yi tana aikin jinya a ɗakin agajin gaggawa. Duk wanda zuciyarsa ta tsaya, ita ke danna masa ƙirji. Da aka kawo na'urar da ke wannan aikin ba gajiya, shugaban asibitin ya kulle ta a ofishinsa, sai baƙi sun zo ake fito da ita.

Wata safiya mai gadinsu ya yanke jiki ya faɗi. Yaya ta danna har hannunta ya sage, ta aika a kawo na'urar. Aka ce shugaba ya fita da makullin. Ta bar wa abokiyar aikinta dannawar, ta ɓalle ƙofar ofishin. Ashe ko caji babu a batirin. Mai gadi ya cika.

Washegari shugaban ya miƙa mata takardar tuhuma kan ƙofar.

"Ranka ya daɗe, kafinta zai gyara ƙofarka," in ji ta. "Ga marayun mai gadi shida a waje, fita ka karanta musu."

Aka mayar da ita ɗakin fayil. Har ta yi ritaya ba ta sake gaishe shi ba.