Kafaɗar Inna

Ƙarar na fara ji. Ina bakin murhu ina tankaɗe, Inna, mahaifiyata, ta hau tsani za ta ɗauko damin hatsi a rumbu, aikin da ba ta taɓa yarda a yi mata ba. Tsanin ya goce. Da na juyo na gan ta kwance ta ɓangaren dama, baki buɗe, ba kuka ba salati. Shirun nan ya fi komai tsorata ni.

Na zo ganin gida ne Gidan Sori daga Cadawa, inda nake koyarwa a lakol, wato makarantar boko. Ban san komai game da ƙashi ba. Na dai ga ta tallabe hannun dama da na hagu ta manne shi a ƙirji, kafaɗar tana kumbura ina kallo.

Kawu, ƙaninta, ya shigo a guje ya ce a kira maɗori. Akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono a da, ta karye, maɗori ya ɗaure mata hannu da karare ya matse, yatsun suka yi baƙi, ƙarshe sai da aka yanke daga gwiwar hannu. Na ce, "Kawu, don Allah a fara zuwa likita."

Inna ta buɗe ido. "Can ne ake yankewa, ɗiyata. Ki bar ni da hannuna."

Ban taɓa musu da ita ba sai ran nan. Ina kuka na ce in ba ta tafi ba, ni ma ba zan koma aiki ba. Kawu ya yi tsaki ya tafi neman mota.

Majo, wato babban ma'aikacin likita, ƙaramin asibitin garinmu, bai ja hannun ba. Ya danna farcenta ya saki, ya taɓa jijiyar wuyan hannu, ya shafi gefen kafaɗar. "Inna, kina jin nan? Motsa yatsu in gani." Suka motsa. Ya rataya mata hannun a wuya da ƙyalle, ya ba ta maganin ciwo, ya ce mu wuce Maradi a ɗauki hoton ƙashi. A hanya duk ramin da motar ta faɗa sai in ji haƙoranta sun haɗu. Na riƙe mata kai, ina ta karanta duk abin da ya zo bakina.

Likitan Maradi ya ɗaga hoton ya nuna mini. Ƙashin damtse, in ji shi, yana da kai zagayayye da ke zaune cikin kafaɗa, kuma daidai ƙasan kan ne ya karye. An yi sa'a bai goce sosai ba. Ba aikin tiyata, ba ɗaurin siminti. A bar hannun a rataye, nauyinsa zai riƙe ƙashin a miƙe, kuma ta riƙa barci a jingine.

"Ƙyalle kaɗai?" in ji Inna. Ni ma a raina abin da na ce ke nan.

Kwana huɗu da dawowarmu, da hantsi, na kwance mata zane zan yi mata wanka. Sai na ga damtsen ya yi baƙi. Baƙin ya sauko har gwiwar hannu, ya bazu gefen ƙirjinta. Ƙwaryar ruwan ta suɓuce mini. Na tuna Bafillatanar nan, na tuna ni ce na hana a kira maɗori, ni ce na kawo ta nan. Inna ta dubi hannun, ta dube ni, ta ce a hankali, "Ya ruɓe ko?"

Ko takalmi ban sa ba na fita. Na iske majo da layin mata masu awon ciki, na tsaya a bakin ƙofa ina yi masa nuni da hannu. Ya ɗauko babur muka taho.

Ya riƙe yatsunta ya daɗe. Ina kallon fuskarsa.

"Da ɗumi," ya ce. "Malama, taɓa ki ji." Na taɓa. "Jinin da ya zuba wurin karayar ne ke gangarowa ƙarƙashin fata. Zai washe da kansa. Abin tsoro shi ne yatsu su yi sanyi, ko su mutu ta daina jin su. In kin ga haka, kada ki jira."

Duk da haka na yi kwanaki ina taɓa yatsun nan, har ta fara kore ni.

Bayan 'yan makonni aka sake hoto, aka ce ta riƙa sunkuyawa tana lilo da hannun a hankali don kada kafaɗar ta sandare. Tana yi tana hawaye. Hannun bai sake wuce kunnenta ba har yau. Duk tsawon jinyar ba ta yarda a gan ta tana ci da hagu ba, sai ta juya mana baya. Wata rana da azahar ta jawo akushi gabanta, ta gutsuri tuwo da dama, ta sunkuyar da kai ta tarbi lomar. Ta haɗiye, ta ce miyar ba gishiri.