Adadin Shanun Baffa Manu

Ranar da ta ƙi fita raina, ko da na so in manta da ita, ita ce ranar kasuwar da Baffa Manu ya shigo shagon nan bai yi mini sallama ba. Ku da kuka fara aiki bana, kuna ta ƙunƙuni wai Nasiru ya cika tsanani a kan kalmar sirri da wa zai buɗe wane fayil, ku gyara zama ku ji inda tsananin ya samo asali.

Lokacin ina shekarata ta huɗu a wannan shago na magungunan dabbobi a Bagudo. Dakta Halima ce mai shago kamar yanzu, ni kuma mai allurar rigakafi, kuma mai riƙe bayanai. Kafin damina da bayanta mukan zaga rugage ta Kende, Geza har Lafagu, mu yi wa shanu allura. A kowace ruga muna rubuta sunan mai garke, inda rugar take, irin allurar da aka yi, da yawan dabbobin, domin a san lokacin maimaitawa da kwalaben da za a tanada. Da a littafi muke yi. Wata damina rufi ya yi yoyo, littattafai biyu suka jiƙe suka zama kamar kunu. Sai Dakta ta ce mu koma ajiya a intanet, wato ka ɗora takardunka a ma'ajiyar wani kamfani, ko wayarka ta faɗa kogi ka buɗe su da wata.

Ni ta ɗora wa zaɓen. Na duba guda uku. Biyu ana biyan wani abu kaɗan duk wata, kowane ma'aikaci da makullinsa, kuma ana ganin wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. Ta ukun kyauta ce. Na ɗauki ta kyautar, na je ina bugun ƙirji wai na rage wa shago ɗawainiya. Kuma kada in ɗora wa kamfanin laifin da ba nasa ba, ita ma tana da makulli. Ni na cire shi da hannuna. Abokan aikina suna yawan manta kalmar sirri, suna damuna da kira, sai na saita ta yadda duk wanda ya samu linkin, wato adireshin ma'ajiyar, zai shiga kai tsaye.

Dakta ta tambaye ni. Ta ce, “Nasiru, ka tabbata ba kowa zai iya buɗe wanga abu ba? Akwai doka fa a kan bayanan mutane.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, bar mini wannan. Wa zai damu da lissafin allurar shanu?”

A lokacin kaina ya kumbura, ni ne gwanin kwamfuta a shago, ba mai gaya mini.

Baffa Manu kuwa dattijon Bafulatani ne, rugarsa na bayan Geza. Ya haura shekara talatin a wurin. Shi ya haƙa rijiyar da ke gefen rugar, jikokinsa kuma suna makarantar Geza. Ku da kuka tashi a cikin gari wataƙila ba ku san wannan ba: makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa. Ka tambaye shi, sai ya ce, “Alhamdu lillahi, akwai 'yan kaɗan.” Wasu na gudun baki, wasu na gudun ido, yanzu kuma da satar shanu da ɗaukar mutane suka yi yawa, kowa na gudun kunnen da bai sani ba. Shekara uku Baffa yana zuwa ya sayi magani ya tafi ya yi da kansa, bai yarda mun taka rugarsa ba. Ni na yi ta binsa da lallashi har ya amince.

Ranar da na je, ya shayar da ni nono, ya sa aka tattaro garken duka, har da waɗanda ke can cikin fadama. Kafin in fara ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, ka ƙirga da ido, kada ka ƙirga da baki.”

Na ce, “Baffa, daga ni sai Allah.”

Da na gama, na koma bayan babur na rubuta adadin a waya. Na ɗauki hoton garken, na kuma sa alamar wurin a taswira, wai don kada hanya ta ɓace mana in ciyawa ta rufe ta. Raina bai ko sosu ba, ni a ganina aiki nake yi.

Bayan wata biyu dilan da ke kawo mana magani daga Birnin Kebbi ya kira, yana son sanin kwalabe nawa za mu buƙata. Abin da ya kamata shi ne in zauna in haɗa jimla in tura masa lamba ɗaya. Ƙiwa ta hana ni. Na tura masa linkin na ce ya duba da kansa. Shi kuma abin ya burge shi, ya jefa a wani zauren waya na masu sayar da maganin dabbobi, ya rubuta cewa ga yadda ake aikin zamani a Bagudo. Har wani ya kira ni yana yaba mini, ni ko ina ta washe baki. Daga wannan zauren linkin ya faɗa hannun dillalan kara, wato kasuwar dabbobi.

To, ranar kasuwar nan, Baffa ya kai bijimi ɗaya kara. Ana cikin ciniki ya ce a taimaka a ƙara, shekarar ta yi tsanani. Wani dillali ya yi dariya, ya ɗaga waya, ya karanta adadin shanunsa daidai, ba ƙari ba ragi, a gaban jama'a. Ya ƙara da cewa ga ma hanyar rugar, in aka wuce rijiya a karkata hagu. Shi wasa yake yi. Amma kara wuri ne da ba ka san wa ke tsaye a bayanka ba.

Baffa ya janye bijiminsa, ya zo shago ya tsaya a gaban teburina. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Wa ka gaya ma?”

Na ce, “Wallahi Baffa ban gaya wa kowa ba.”

Wannan rantsuwar ita ta fi ci mini rai har yau. Bakina bai faɗa ba, gaskiya ne, amma tun kafin in rufe baki na san ta inda abin ya fita, kuma na ɓuya a bayan sunan Allah. Dakta ta fito daga ciki ta ji bayani. Ba ta yi mini faɗa ba. Akwai wata mata da ta zo sayen maganin kaji, sai Dakta ta ari wayarta, ta tura linkin, ta taɓa. Nan take komai ya buɗe, sunan Baffa ne na uku daga sama, ga hoton shanunsa. Ta juya wayar ta nuna masa, sannan ta nuna mini. Na rasa inda zan sa idona, na tsaya ina kallon siminti.

A ranar muka rufe linkin, amma mutane sun riga sun ɗauki hotonsa a wayoyinsu. Dakta ta ce, “Kai ka buɗe, kai za ka bi su ruga ruga ka gaya musu abin da munka yi.” Ta ce munka, alhali ni kaɗai na yi. Na zaga. Wasu suka zage ni, wasu suka ce kada in sake dawowa. Rugar Baffa na bari ƙarshe saboda tsoro, sai bayan kwana tara na je.

Na tarar ana kwance bukkoki. An ɗora kaya a kan jakuna, an riga an kora shanun gaba, za su tsallaka Benin wurin 'yan'uwansa. Na gaida matarsa, Inna Jumma, ta ci gaba da ɗaure ƙorenta kamar ba ta ji ba. Na durƙusa gaban Baffa na ce ya yafe mini, na ce ba wanda ya zo ai, wataƙila ba mai zuwa.

Ya ce, “Na sani ba da mugunta ka yi ba. Amma in mai nema na ya tashi, yanzu ya san ƙofa, ya san abin da za shi tambaya. In zauna in jira shi?”

Ya leƙa rijiyar da ya haƙa, ya ja murfin ya rufe ta da kyau, suka tafi. Jikokin ba su ƙarasa zangon karatun ba.

Tsarin da kuka tarar daga nan ya fito. Mun koma ma'ajiyar da ake biya, kuɗinta na wata bai kai na kwalbar maganin tsutsa ba. Kowa da makullinsa, sai lamba ta shigo wayarka kafin ka shiga. Adadin dabbobi da wurin ruga suna fayil dabam, Dakta kaɗai ke buɗewa. Dila jimla kawai yake samu. Kuma ba a rubuta komai sai an gaya wa mai garke abin da za a rubuta da wanda zai gani, in ya ce a'a, a'a ce. Abin da muke ɗorawa a can ba lissafin allura ba ne kamar yadda na gaya wa Dakta, inda mutum yake kwana ne da abin da ya mallaka.

Bara Baffa ya tsallako ranar kasuwa, ya shigo ya yi sallama, na amsa. Ya nuna maganin da yake so. Bakina ya saba, na fara cewa, “Na shanu na...” sai na haɗiye sauran. Ya dube ni ya ce, “Ba ni dai, ɗana. Ni zan yi da kaina.”

Na miƙa masa. Adadin nan har yanzu yana kaina, kuma kun ji na ba ku labarin duka ban faɗe shi ba. Alƙawarin ke nan da na yi masa a ruga, sai dai na fara cika shi bayan ya tashi.