Ranar da Kwamfutar Yaya Bello Ta Yi wa Kanar Tambaya

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Bello, amma har yau ba na iya cewa "ba ni biyu" a shago sai na ji kamar yana bayana yana harara.

Gado ya yi. Babanmu gero yake sayarwa a Ƙofar Rini, kuma in ka ce masa "goma" ka yi shiru, sai ya tsura maka ido har sai ka faɗi mudu ne ko tiya ko buhu.

A zamanin mulkin soja aka kawo kwamfuta wani ofishin gwamnati da ke Sama Road, inda Yaya yake aiki, aka danƙa masa. Ba ta da hoto, baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni ta yi. In za ka ware wa aiki wuri a faifanta, lamba take karɓa, ba ruwanta da ma'auni. Wani ya rubuta biyar yana nufin megabait, ta ba shi kilobait biyar, aikin mako guda ya salwanta. Yaya ya gyara ta yadda in ba ka sa K na kilobait ko M na megabait ba, ba za ta motsa ba.

Sai ga wani Kanar ya zo duba ofis. Aka ba shi kujera, aka ce ya ware wuri da hannunsa mai albarka. Ya buga biyar. Allo ya rubuto: "Biyat mi?" Da Sakkwatanci tsagwaronsa, ko sallama babu.

Kanar ya miƙe. Ya ce tun da ya sa kaki ba a taɓa mayar masa da magana ba. Ya ba Yaya zuwa jibi: ko a cire wannan rashin kunya, ko ya kwashe komatsansa.

Ga mata, ga 'ya'ya, ga ginin gidansa na unguwar Mabera ko rufi ba a yi ba. Ni dai na roƙe shi ya cire. Ya ce, "Kai yaro na. In na cire, aikin mutane za shi ɓace."

Bayan kwana biyu Kanar ya dawo, ya buga biyar. Allo ya rubuto: "Ranka shi daɗe, barka da isowa. Ina gajiya? Ya iyali? Allah shi ƙara nasara. Muna neman alfarma a sanar da mu, K ko M?"

Kanar ya karanta har ƙarshe, ya gyara hula, ya danna M. Ya ce, "To, haka ake yi wa manya magana."

Da Yaya zai ga wayoyin yau, masu tambayarka ko ka tabbata kafin su goge abu, zai ce hankali sun yi, tarbiyya ce babu.

Kwamfutar tuni 'yan gwangwan suka yi gaba da ita. Yaya ba jarumi ba ne, ranar da Kanar ya dawo ni na riƙo shi har bakin babur. Amma bai cire tambayar ba, kuma a ofishin nan ya yi ritaya. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙansa da rahama.