Malam Isiya, mai sa mutane shuka ciyawa

Shekarun baya wani ya gaya mini a kasuwar Jega wai akwai malamin gona da ke bin ƙauyuka a kan babur yana cewa a shuka ciyawa. Na ce ƙarya ne. Mu da muka tsufa muna noma don mu kashe ta?

Yau da safe aka ce mini Malam Isiya ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar da ya fara zuwa gonata a Kimba, bazara ce, shanuna har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ya daɗe yana dubansu, sannan ya ce, "Baba, waɗanga azumi suka ɗauka?"

Na ce na dole ne.

Da damina ta faɗi ya kawo mini irin gamba, ya sa na ba ta gefen gona. Maƙwabta suka sha dariya, wai tsufa ya kai ni ga yi wa ciyawa taki. Shi ya koya mini yanka ta tun tana ɗanya, a shanya a inuwa, a ɗora kan rumfa. Bazarar da ta biyo, masu dariyar nan da igiyar ɗaurin ciyawa suka zo gaishe ni.

Ganina da shi na ƙarshe, ya tsaya kan wani layin gamba a gonata da ya hana a yanka. Ya ce, "Wanga na iri ne, na mutanen Sabiyal da Maiyama. Ko sanka ya yi kuka, kar ka ba shi."

To, irin bai gama nuna ba, ga girbi ya ƙare, an kusa sakin dabbobi cikin gonaki. Ni kuwa ƙafa ta ƙi. Tun safe abin da ke raina ke nan, in shanu suka shiga, ƙauyuka biyu sun rasa shukar baɗi.

Allah ya jiƙan Malam Isiya, ya sa aikinsa ya bi shi, ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Mutane da dama sun kawo mini labarin rasuwar. Na ƙarshe shi ne Arɗo Manu, wanda shanunsa suka fi na kowa ɓarna a nan. Ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya kewaye layin da ƙaya, shi zai tsare har a tara irin.