Igiyar Sabo

Shekara goma sha tara ke nan Sabo yana hawan dabino a wata tsohuwar gona a Ƙuba, can ƙasa mai tsarki. Mutumin Maraɗi ne, siriri, tafin ƙafarsa ya yi kaushi kamar jikin itacen da yake hawa. Shi ke ɗaura furen namiji a kan na mace, shi ke sauko da dabinon ajwa idan ya yi baƙi ya nuna.

Bai yi boko ba, amma daga kwalayen da ake lodawa a mota yake sanin halin duniya. Koren kwalin Jamus shekara uku a jere yana ƙaruwa. Na Ingila ya ja baya. Malesiya kuwa sai dab da azumi take tunawa da su. Mai gonar, Bakri, jikan alhazan Kano, ya gaya masa cewa masu saye a can yanzu tambari suke nema, mai shaida ba a cuci ma'aikaci ba. In ba a same shi bana ba, Jamus za ta juya baya, ba kuma halin sabunta wa Sabo iƙama, takardar izinin zamansa a ƙasar.

Ranar da mai dubawa daga masu ba da tambarin za ta zo, Sabo ya ɓoye igiyar hawansa bayan buhuna. Ta tsinke wuri biyu, ya ƙuƙƙulla abarsa. Yadda aka rene shi, ba a kunyata maigida gaban baƙo.

Mai dubawar Wafa sunanta, Bahaushiyar Sudan.

"Baba Sabo, yaya aiki?"

"Da godiya."

"Hutun rana fa, ana ba ku?"

"Alhamdu lillahi."

Ta rufe littafinta tana dariya. "Gona ta bakwai ke nan, kowa da godiya. Godiya zan rubuta wa Jamusawa? To, hau mini wannan in gani."

Sabo ya dubi itacen, ya dubi Bakri. In ya hau hannu sake, tambari ya tafi. In ya ɗauko igiya, asiri ya tonu. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya nufi bayan buhunan.

Wafa ta jujjuya ƙullin a hannunta. Bakri ya dafe kai.

"Ya ammi, lesh? Don me ba ka gaya mini ba, Baba Sabo?"

"Na ga kana fama da Ingila."

"Ingila ba ta faɗowa daga kan dabino, wallahi!"

Wafa ta rubuta abin da ta gani, ta ba su wata ɗaya su gyara. Kafin Juma'a Bakri ya sayo ɗamarar hawa mai ƙugiyoyi, da shi Bakrin aka gwada ta.

Tambari ya fito, iƙama ta biyo baya. Har yau Sabo na mitar ɗamarar, wai an ɗaura masa sirdi kamar doki. Amma idan ya kai can sama yakan saki hannu biyu, ya jingina da iska, yana kallon fararen hasumiyoyin masallacin Ƙuba.