Janar ɗin da Geng Mai Keke Ya Ƙirƙira

Geng Fushun bai san tarihin birnin Pingyao ba, duk da a cikin ganuwarsa aka yanke masa cibi. Da bakinsa yake faɗa cewa a makaranta, darasin tarihi shi ne lokacin barcinsa. Sai da masaƙar da yake aiki ta rufe, ya sayi keke mai ƙafa uku yana zagayawa da masu yawon buɗe ido, sannan ya gane baƙo ba ya son shiru. Duk ƙofar da aka wuce sai an tambaye shi ta wane ce. Tun yana cewa bai sani ba, har ya gaji ya fara sani.

Akwai wani tsohon gida mai baƙar ƙofa a lungun yamma. Geng ya ƙirƙira wa gidan wani janar. Da shekara ta zagayo ya ƙara wa janar farin doki, daga baya ya cire masa ido ɗaya a yaƙi. Matarsa Qiulan takan ce, "Tsoho, ka ƙyale mutumin nan haka, kafin ka kai ga ƙafarsa."

Wata rana wata tsohuwa mai sanda ta hau kekensa ita kaɗai, ta ce ya bi da ita lungun yamma. Da suka iso baƙar ƙofa, Geng ya gyara murya.

"Inna, nan ne gidan janar mai ido ɗaya. Wannan dutsen yake takawa ya hau dokinsa."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon dutsen. "Wane idon ne babu?"

"Na hagu."

"To. Ni dai babana idonsa biyu, kuma awara yake yi. Dutsen nan shi muke ɗora wa awara ruwa ya tsane. A ɗakin can aka haife ni."

Cikin kunya Geng ya ce, "Inna, wataƙila kafin babanki..."

"Kafin babana kakana ne. Shi ma awara."

Sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ashe tun tana budurwa aure ya kai ta kudu, sai yanzu ta dawo ganin gida. Ta hana shi tafiya. "Ƙarasa mini, ɗana. Ina so in ji yadda babana ya ci yaƙin." Dole ya ƙarasa, yana gumi. Daga nan ita ta karɓi aikin: shi yana tuƙi, ita tana nuna masa gidan wanzami, da na mai gyaran takalmi, da rijiyar da ƙanenta ya taɓa faɗawa. Da rana ta take, ya saya mata taliya, suka rabu.

Washegari ya gaya wa baƙinsa gaskiya, cewa gidan mai awara ne. Ko hoto ba wanda ya ɗauka. Ya daure kwana kaɗan, sannan janar ya dawo, sai dai yanzu idan ya gama yaƙi yakan ajiye takobi ya koma yin awara.

Bara Geng ya ji wata matashiya mai jagorar baƙi, da tutarta da lasifikarta, tana ba da labarin janar mai awara a bakin ƙofar, har da sunan daular da ya yi wa hidima. Ya tsaya ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi kansa bai san daular ba sai ranar.